Baƙuwar Lamba

Bayan la'asar ne, a Maiwurno,
ina gindin gawo ina ɗinkin taru,
kogi ya ja baya ya bar laka tana tsagewa,
sai waya ta motsa a aljihun jallabiya.
Na yar da zare, na goge ƙarnin kifi a cinya.
Lamba ce doguwa, baƙuwa.
Zuciyata ta riga yatsana ɗauka.

"Mabruk!" in ji wata mace da ba ta numfashi.
Na yi sallama, ba ta amsa ba.
Na ce wa ke magana, ta bi ta kan tambayata
yadda babbar mota ke bi ta kan kaza.
Wai na ci kyauta, kwana bakwai a Dubai,
jirgi a banza, masauki a banza,
ɗaki mai kallon teku, ni da iyalina.
"Latsa ɗaya."

Baiwar Allah, masunci kika kira.
Shekara arba'in ina soka tana a ƙugiya,
ban taɓa yi don tarwaɗa ta ƙoshi ba.
Na san yadda ake ɓoye bakin ƙarfe,
na san shirun da ake yi bayan an jefa,
na san ɗan girgizar zare
da ke cewa makwaɗaici ya iso.

Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan,
daga yamma, da niyyar Makka.
Shekara tara yana hanya,
yana noma gonar wani ya sayi guzurin gaba.
Guzuri ya ƙare a bakin wannan ruwa,
a nan muka binne shi, yana fuskantar inda bai kai ba.
Ba wanda ya ce masa ya latsa komai.

Saudatu ta gidan Tijjani, ita ta latsa.
Wani mai zaƙin baki ya karɓe ta,
ya ce ta karanto lambobi shida da suka shigo,
na tabbatar da kujerar jirgi ne kawai.
Ta karanto, har da godiya.
Kuɗin riɗinta, buhu huɗu,
kafin kiran magariba sun tafi yawon duniya,
ita tana tsakar gida da akwatin da ta kakkaɓe.
Har yau ba ta mayar da shi kan katako ba.

Bashari mai shagon caji ya ce,
"Kawu, na'ura ce, dubu take kira a lokaci guda.
Lambar da ba ka sani ba, daina ɗauka."
Na ce to. Na biya shi. Na fito.

Ban gaya masa ba.
Siddiƙ ya tafi arewa haƙar zinariya,
wata goma sha huɗu ke nan.
Wayarsa ta faɗa rami tun zuwansa,
da ta aro yake kira, yau ta wannan, gobe ta wancan.
Maganarsa ta ƙarshe: "Baba, sabis ba kyau,
zan sake kira."

Don haka jiya da ta dawo, na ɗauka.
Shekaranjiya ma na ɗauka.
Na bar ta ta gama lissafin teku da jirgi,
da ta yi shirun jiran yatsana
sai na ce, "Ke da kike shiga kowace waya,
ko kin ji muryar wani yaro dogo,
mai tabo a gira, yana ɗan in'ina?"

Ta ce, "Latsa ɗaya."

Na kashe.
Na duba saura nawa a batir,
na jingina wayar a jikin gawo, fuskarta sama,
na ɗauki zare
na nemi inda na tsaya.